Tambaya da Amsa: Na'urar da Ke Jin Takun Ƙafa Daga Mita Ɗari

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan fitowa, kuma duk sun haɗu a kan magana guda, wato yadda ake sa hasken leza ya auna motsin da ido ba ya gani. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin ta tuna mini da wata wauta tawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniya ne, ina aji uku. Na haɗa na'urar Michelson a kan teburin karatuna da jar leza irin ta nuni a allo, da madubi biyu, da gilashi mai raba haske. Kowane hannu santimita 20 ne. Ratsin haske da na duhu sun fito a bango, amma sun ƙi tsayawa. Sai su yi ta yawo, wani lokaci su ɓace ɗungurungum. So nake in auna jijjigar wani ƙaramin inji da ita. Lezar ce ba ta da kyau? In nemi mai tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Riƙe kuɗinka tukuna. Tun da ratsin sun fito, ka riga ka gama rabin aikin da ke kayar da mutane, kuma yawon da kake kuka da shi shaida ne cewa na'urarka tana aiki.

Bari in ɗan jawo sauran masu karatu kusa. Haske tafiyar igiya yake yi, tudu da kwari, tudu da kwari. Duk mai sauraren rediyo ya saba jin "gajeren zango, mita 25". Mita 25 ɗin nan tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ce a igiyar rediyo. Jan hasken lezar ɗalibin nan shi ma yana da nasa zangon, sai dai wajen nanomita 650 ne kacal, nanomita kuwa ita ce mita ɗaya in an raba ta gida biliyan. Gilashin da ke tsakiyar na'urar yana raba hasken biyu, kowane rabi ya je ya bugi madubinsa ya dawo, su sake haɗuwa. In tudu ya sauka a kan tudu, wurin ya yi haske. In tudu ya faɗa a kwari, su kashe juna, wurin ya yi duhu. Ratsin da ke bango ke nan.

To ga inda lissafin yake. In madubi ɗaya ya matsa, hanyar hasken tana canzawa ninki biyu, zuwa da dawowa. Saboda haka matsawar rabin zango, nanomita 325, ta isa ta ture ratsi guda cur zuwa mazaunin maƙwabcinsa. Silin gashin kai mai kaurin maikuromita 70 (maikuromita ɗaya nanomita dubu ce) ya haɗiye irin wannan matsawa fiye da sau ɗari biyu. Ma'aunin da ka ɗora a kan teburin katako ke nan, ɗana, teburin da kake jingina gwiwar hannunka a kai.

Abin da nake so ka riƙe shi ne na'urar ba ta san wanda ya motsa ba. Bambancin hanyoyi biyu kawai take gani. Ko inji ne ya girgiza madubi, ko ƙafar tebur ce ta lotsa, ko ƙarfen da ka ɗaura madubin ya miƙe don zafi, ko iskar da ke tsakani ta sauya, duk abu ɗaya za ta nuna maka.

Ɗauki zafi. Alminiyum yana miƙewa wajen maikuromita 23 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. In farantin da ka kafa kayanka na alminiyum ne, hannu ɗaya ya fi ɗan'uwansa ɗumi da kashi ɗaya cikin goma na digiri, santimita 20 ɗinka za su ƙaru da kusan rabin maikuromita. Ratsi ɗaya da rabi ya tafi, ba wanda ya taɓa komai. Ita ma iska tana rage wa haske gudu ɗan kaɗan, kuma ragin yana sauyawa da zafinta: digiri ɗaya yana canza tsawon hanyar da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. A hannun na'urarka wannan ya haura rabin ratsi. Numfashinka in ka sunkuya kana leƙe ya isa. Tafin hannunka in ka kawo shi kusa ba tare da ka taɓa ba, shi ma ya isa. Gwada ka gani, abin sha'awa ne.

Ɓacewar da suke yi kuma, yawanci suna nan, gudu suke yi. Madubin da ke tafiyar milimita ɗaya a daƙiƙa yana tura ratsi wajen dubu uku a daƙiƙar. Ido ba ya iya bin wannan, sai ya ga haske bai ɗaya.

Kada ka ji kunya, mai na'urar ma haka ta yi masa. A 1881 Albert Michelson ya fara gwada ta a Berlin, zirga-zirgar titi ta hana shi yin awo yadda ya kamata, har cikin dare. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin nazarin taurari na Potsdam, ya shiga ɗakin ƙasa. Can ma ya rubuta cewa in aka buga ƙafa a kan daɓen hanya, tazarar wajen mita 100, ratsin ɓacewa suke yi. Da ya sake gwajin tare da Edward Morley a Cleveland ta Amurka a 1887, sai suka ɗora komai a kan wani ƙaton falalen dutse, suka sa dutsen yana yawo a kan zaiba. Babu leza a duniya lokacin, sai a 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko. Abin da ya ba su wahala shi ne ƙasar da suke tsaye a kai.

Ni kuwa da nake ɗalibi na shafe kusan mako biyu ina zagin wata leza. Kowane minti ashirin ko talatin ratsina su haukace, can su lafa. Na sauya waya, na sauya madubi, har na kai ƙara wurin mai kula da ɗakin gwaji cewa kayansa sun lalace. Ya zo ya tsaya shiru, ya ce in saurara. Firji ne a ɗakin da ke bayan bango, injinsa na tashi yana tsayawa. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Ga abin da za ka yi, kuma ka bi shi a jere. Kafa duk kayan a kan abu guda mai nauyi da tauri, falalen dutse ko farantin ƙarfe mai kauri, yadda in ya motsa zai motsa gaba ɗaya. Ɗora shi a kan tif ɗin taya da ka hura wa iska kaɗan, kada ka cika shi tam, laushin nan shi ke shanye jijjigar daɓe. Sandunan da ke riƙe madubi su zama gajeru masu kauri, domin dogon siririn ƙarfe lilo yake yi. Kife kwali a kan komai don iska ta kwanta, ka kashe fanka, ka kunna lezar ka ba ta rabin awa ta daidaita kafin ka yarda da abin da take faɗa. Ka kuma ɗan karkata madubi kaɗan yadda hasken da ya dawo ba zai koma cikin bakin lezar ba, don in ya koma rikita ta yake yi.

Akwai wuri ɗaya da zarginka ke da gaskiya. Lezar nuni ba zango ɗaya tsantsa take fitarwa ba, kuma takan yi tsalle daga wani zango zuwa wani in ta ɗumama. Maganinsa kyauta ne: daidaita tsawon hannuwan biyu sosai, bambancinsu kada ya wuce milimita ɗaya ko ƙasa. In hannuwan sun zo ɗaya, tsallen lezar yana shafar su daidai, ba ya nunawa. Ranar da aikinka ya buƙaci hannu ɗaya ya yi nisa, ranar ce za ka nemi lezar hiliyam da niyon, mai zangon nanomita 632.8, wadda ita ce dokin aikin ɗakunan gwaji tun shekarun 1960.

Saura batun injin. Ido ba zai ƙirga maka ratsi ba, sai ka sa ƙaramin idon lantarki, fotodayod, a inda ratsin ke faɗawa, ka haɗa shi da osiloskof, wato na'urar da ke zana saƙon lantarki a allo. Nan za ka ci karo da matsala ta gaba: haske, duhu, haske, duhu, ba ya gaya maka madubin gaba ya yi ko baya. Ana warware ta da ido biyu, a jera su yadda ɗaya ke gaba da ɗaya da rubu'in ratsi. Wanda ya fara ganin haske shi ke nuna inda aka dosa, kamar masu gadi biyu a kan hanya, wanda matafiyi ya fara wucewa shi ke nuna daga ina ya fito. In ka sa saƙon ido ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye a kan osiloskof, za ka ga ɗigo yana zana da'ira, ya juya dama in madubi ya matso, ya juya hagu in ya ja baya. Zagaye ɗaya, rabin zango. Raba da'irar gida ɗari, kana maganar nanomita uku ke nan. Na ga wannan da'ira sau ba adadi, har yau in ta fito sai na yi murmushi.

In kuwa jijjigar ba ta kai ko rubu'in ratsi ba, ba ka da abin ƙirgawa. Sai ka tsayar da na'urar a tsakiyar haske da duhu, inda ɗan motsi kaɗan ke kawo sauyin haske mafi yawa. Manna madubin da ba ya aikin awo a kan faifan fiyezo, irin wanda ke ƙara a cikin agogo, ka riƙa tura shi da lantarki a hankali yana riƙe maka wannan matsayi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a sashen gwajin kaya na wata masana'antar da ke haɗa ƙananan lasifika. Muna da ma'aunin jijjiga na mannawa, yana kuma aiki lafiya a kan manyan injuna. Wani ya ba mu shawarar mu koma na leza. Ba son ƙawa ba ne kuwa?

Amsa: Hajiya, a kan manyan injunanku ƙawa ce, kada ku taɓa abin da ke aiki. In ana son a ji ko boris ɗin babban inji ya fara ci, na mannawa ya wadatar, ga ƙarko ga sauƙi, ƙura da mai ba sa damunsa.

A kan takardar lasifika labarin ya sauya. Ƙaramar takardar nan wani lokaci ba ta kai nauyin ma'aunin da za a manna mata ba, balle a haɗa da gam da waya. Da kin manna shi, abin da kike aunawa ya tashi daga lasifikarku, ya koma lasifika mai goyo. Inda take rawa da ƙarfi zai sauka ƙasa, siffar rawar ma ta sauya. Haske ba ya ɗora mata nauyin da za a kula da shi.

Na'urar da ake nufi, a cikinta dai ita ce ta ɗalibin nan, sai dai madubi ɗaya an maye gurbinsa da kayan da ake gwadawa, kuma gudu take karantawa. Kin san yadda jiniya ke sirancewa in mota ta doso ki, ta yi kauri in ta wuce. Christian Doppler ya bayyana wannan a 1842, kuma haske ma haka yake yi. Da leza mai nanomita 633, abin da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa yana sauya bugun hasken da ya dawo, wato yawan tudun igiyarsa da ke isowa, da wajen miliyan 3.16 a daƙiƙa. Don a bambance matsowa da ja da baya, ana ƙara wa hasken ɗaya hannun wani sanannen adadi tun daga farko, galibi miliyan 40. In an karanta sama da 40, abin ya matso. In ƙasa, ya ja baya. Wasu samfuran suna zagaya ɗigon hasken a kan ɗaruruwan wurare, su zana miki hoton takardar tana lanƙwasa, ki ga daidai inda gefe ya daina bin tsakiya. Da irinta ake binciken kukan birkin mota, da rawar dodon kunne, har da saƙon da ƙwari ke aika wa juna ta jijjiga karan ganye.

Kafin ku saya ku san aibinta. Motsin da ke kan layin hasken kaɗai take ji, na gefe ba ruwanta da shi. Fuskar kaya mai kaushi tana warwatsa haske ya zama ɗige-ɗige, saƙon ya riƙa yankewa in kayan na gocewa gefe. Baƙar takarda kuma takan shanye hasken, sai an ɗiga mata ɗan farin fenti ko ƙyallen nan mai mayar da haske. Sannan abin da na gaya wa ɗalibi ya hau kanku: in ƙafafun da na'urar ke tsaye a kai suna rawa, za ta rubuta rawar a sunan lasifikarku. Shawarata ku nemi a kawo muku ita ku gwada a kan kayanku, a cikin hayaniyar wurin aikinku, ku auna abu mara motsi tukuna ku ga abin da za ta ce.

Tambaya: Malam, na karanta cewa wata na'ura a Amurka ta auna motsin da bai kai girman ƙwayar zarra ba. Ni dai ban yarda ba. Madubin da kansa da ƙwayoyin zarra aka yi shi, kuma an ce kullum rawa suke yi. Ta yaya za a auna abin da ya fi ma'aunin ƙanƙanta?

Amsa: Malam, shakkarka tana kan hanya, kuma manyan masana sun yi irinta shekaru da yawa. LIGO kake nufi. Na'urori biyu ne, ɗaya a Hanford ta jihar Washington, ɗaya a Livingston ta jihar Louisiana, tazarar wajen kilomita 3,000. Kowacce na'urar Michelson ce mai hannu kilomita 4. Ranar 14 ga Satumba 2015 suka ji girgizar da haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, wato wurare a sararin samaniya masu ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce musu, ta aiko daga nisan tafiyar haske ta shekara wajen biliyan 1.3. Hannuwan sun miƙe sun tsuke da abin da ya gaza faɗin furoton sau ɗaruruwa, furoton kuwa ɗan mitsitsi ne a tsakiyar ƙwayar zarra. Aka sanar a Fabrairun 2016, a 2017 kuma Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne suka karɓi kyautar Nobel.

Amsar tambayarka tana cikin wannan misali. Ka zuba ruwa ƙaramin cokali ɗaya a tafki mai faɗin kilomita ɗaya tsawo da faɗi. Ruwan tafkin ya ƙaru, babu musu. In ka raba cokalin a kan faɗin tafkin, hawan bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar zarra ba, alhali saman ruwan cike yake da igiyoyi. Hawan gaskiya ne, sai dai na tafkin ne gaba ɗaya. Hasken LIGO ma ba ƙwaya ɗaya yake kallo ba. Faɗinsa a kan madubi santimitoci ne, yana taɓa ƙwayoyin da ba su ƙirguwa, rawar wannan ta soke ta waccan, abin da ya rage shi ne matsayin fuskar madubin dukanta.

Sauran aikin, wanda ya ci shekaru arba'in, na toshe kunne ne. Madubin kilo 40 ne, yana rataye a lilo mai hawa huɗu, hawan ƙarshe da zaren gilashi. An zuƙe iskar bututun da hasken ke bi. Hasken yana kai da komo a kowane hannu wajen sau 300 kafin ya fito, don ƙaramin sauyi ya taru. Ba sa ma tambayar ina madubin yake, motsin da ke kai da komo sau gommai zuwa dubbai a daƙiƙa kawai suke saurara, kuma saƙon farko a nan ya faɗo: ya hau daga wajen 35 zuwa 250 cikin kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Duk da haka duniya tana kutsowa. Sare itatuwa a dajin da ke kewaye da Livingston ya daɗe yana damunsu. A Hanford an taɓa bin sawun wata ƙara a 2017, aka tarar hankaki ne ke saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyi a waje. Firjina ke nan, ya yi fiffike.

Shi ya sa aka gina biyu. Hankakan Hanford ba ya sara a Louisiana. Saƙon 2015 ya bayyana a Livingston, bayan kashi bakwai cikin dubu na daƙiƙa ya bayyana a Hanford da siffa iri ɗaya, kuma haske yana buƙatar wajen kashi goma cikin dubu ne ya ratsa tsakaninsu, don haka lokacin ya shiga cikin abin da lissafi ya yarda da shi.

Tambaya: Malam, ƙanena ɗan sakandare yana son ya gwada irin wannan a gida. Babu haɗari ga ido?

Amsa: Akwai, kuma ya danganta da lezar. Ku nemi ja wadda aka rubuta ƙarfinta bai wuce miliwat ɗaya ba, aji na biyu. Irin wannan ƙiftawar ido takan kare mutum in ta gilma bisa kuskure, kuma ta ishi gwajin har da saura. Ku guji kore masu arha: da yawansu sun fi abin da aka rubuta a jikinsu ƙarfi, wasu kuma suna yoyon hasken da ido ba ya gani, wanda ba zai sa ka ƙifta ba. Ya ajiye kayan ƙasa da tsayin idonsa ko yana zaune, ya cire agogo da zobe kafin ya sa hannu, ya kalli ratsin a kan farar takarda, kada ya taɓa leƙa cikin hasken. Ya tuna kuma gilashin da ke raba haske ƙofa biyu yake fitarwa, har da ɗan abin da bayansa ke mayarwa, don haka ya bi kowane haske da ƙyallen takarda ya ga inda ya ƙare, ya tare shi da kwali kafin ya kira kowa ya zo kallo.